Gaiwa, Kifin da Ke Kwana a Tudu

A sha'anin teku, mu mutanen Ikara da Makarfi da Kudan kifin rijiya ne. Yawancinmu ba mu taɓa ganinta ba sai a waya, inda yara ke nuna wa juna kifi mai fitila a goshi da ruwan da ke walƙiya cikin dare, ana ta salati. Ni ma na yi salatin. Sai dai akwai wani abin al'ajabi na teku da ɗan'uwansa ke kwance a ƙarƙashin ƙafarmu, muna taka shi kowane rani a hanyar zuwa gonar rake.

Ina yaro na fara ganinsa, cikin wata bazara, a wani busasshen kududdufi a bayan Hunkuyi. Ƙasa ta tsattsage, ko kwaɗo babu. Kawuna na haƙar ƙasar tubali, sai daginsa ya ɓantaro wani dunƙulen laka, a tsakiyarsa ga wani abu a naɗe, an lulluɓe shi da fata mai kama da busasshen ganyen taba. Na ja da baya.

"Kawu, maciji!"

"Kai yaro, wane irin maciji? Gaiwa ce, barci take yi. Ɗauko mana ruwa a daro."

Muka jefa dunƙulen a ruwa muka zauna a inuwa. Laka ta jiƙe, lulluɓin ya saki, can sai abin ya motsa, ya zare wutsiyar da ya rufe fuskarsa da ita, ya miƙe. Doguwa ce, mai santsi, ƙananan idanu, ga wasu zarurruka huɗu a gefenta kamar igiyar takalmi. Abu na farko da ta yi shi ne ta ɗago baki sama da ruwa ta shaƙi iska.

Wannan shaƙar ita ce sirrinta. Gaiwa na da huhu, har guda biyu. In ka danne ta a ƙarƙashin ruwa ka hana ta leƙowa, ruwa zai ci ta kamar yadda yake cin ɗan'adam. Ana cewa ƙarfin kifi a ruwa yake, to ga kifin da ruwa ke iya kashewa. Idan damina ta ɗauke, karfasa ta shiga uku, tarwaɗa ta yi ta birgima tana neman inda ya rage da danshi, ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ita gaiwa ba ta gudu ko'ina. Tana cizon laka tana fitar da ita ta gefen wuya har ta nutse ƙasa, ta naɗe jikinta, ta fitar da yauƙi ya bushe a kanta ya zama jaka, ta bar 'yar ƙofa daidai bakinta inda iska ke shigowa ta ramin da ta bi. Bugun zuciyarta ya ragu, numfashi ya zama jefi-jefi. Dattin da sauran kifaye ke zubarwa a ruwa, ita sai ta juya shi zuwa wani nau'i marar dafi sosai ta ajiye a jiki, sai ranar da ruwa ya dawo ta sauke. Haka take kwashe hunturu da bazara. Masu bincike sun ajiye ta a wannan hali fiye da shekara uku, aka zuba ruwa ta farka.

Me take ci duk tsawon wannan lokaci? Bahaushe ya riga ya amsa: jikinta. Ɗan kasuwar da ciniki ya tsaya masa ya koma cin uwar kuɗi, akan ce ya zama gaiwa. Da ina jin maganar na ɗauka zuguguwa ce irin ta tatsuniya, ashe gaskiya ce tsantsa, domin tsokar jikinta take narkarwa a hankali tana rayuwa da ita, ta fito a rame. Ina ganin dai an ɗan zalunce ta a karin maganar. Mai cin jari ba shi da tabbacin gobe, ita kuwa lissafinta a kan damina yake, kuma damina ba ta cika saɓa mata ba.

Daga nan ne wasu labarai suka samo tushe. An yi ruwan farko, gari ya waye an ga kifi a fagen da jiya ƙura ke tashi, sai a ce daga sama ya faɗo. Akwai kuma labarin magidancin da ya gina ɗaki da tubalin fadama, damina ta bugi bango, kifi ya faɗo masa a tsakar ɗaki. Kowa ya ba ka labarin zai ce a garin kakarsa aka yi. Wanda ya taɓa ganin abin da dagin kawuna ya fito da shi ba zai yi saurin ƙaryatawa ba.

To ina teku a ciki? A watan Disamba na 1938, jirgin masunta ya sauke kamunsa a East London, wani gari a gaɓar Afirka ta Kudu. Mai kula da gidan tarihin garin, Marjorie Courtenay-Latimer, ta ga wani ƙaton kifi shuɗi a cikin tarin, fukafukansa masu tsoka kamar guntayen ƙafafu. Ta zana shi ta aika wa masanin kifi J.L.B. Smith. Shi ya gane silakant ne, kifin da masana ba su sani ba sai ta sawunsa a jikin duwatsu, suna ganin ya ƙare tun shekara miliyan 66 da suka wuce. Smith ya sa ladan fam 100, ya jira shekara 14 kafin a samu na biyu a tsibiran Komoros a 1952, har sai da gwamnatin ƙasarsa ta ba shi jirgin saman soja ya je ya ɗauko. Abin da ya fi ba ni dariya, masuntan Komoros sun daɗe da saninsa. Gombesa suke ce masa, kuma ba sa murna da kama shi, don namansa maiƙo ne mai ɓata ciki. Kifin yana wuni a kogunan dutse, zurfin mita 150 zuwa sama da 200, tsawonsa kan kusanci mita biyu, kuma bincike na 2021 ya nuna yana iya kai shekara 100, macen na ɗaukar ciki wajen shekara biyar.

A duk kifayen duniya, silakant da dangin gaiwa ne kaɗai suka rage daga gidan masu fukafukan tsoka. Dangin gaiwa iri shida ne: huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostareliya. Tamu wani masani mai suna Richard Owen ne ya bayyana ta ga Turawa a 1839, daga wadda aka kai masa daga Gambiya. Masana halittu ma sun ce ta fuskar ginin jiki da gado, gaiwa ta fi silakant kusa da dabbobin tudu masu ƙafa huɗu. Wancan an tura masa jirgin soja. Wannan kuwa a kasuwa ana shanya ta a tire, mai saye na taɓe baki yana neman tarwaɗa.

Da damina ma gaiwa tana da nata halin. Namijin ne ke haƙa gurbi cikin ciyawar fadama, ya tsare ƙwai da 'ya'yan, yana kaɗa wutsiya don ruwa ya riƙa sabuntuwa a kansu. Kuma ba ta da wasa a baki. Maimakon jerin haƙora, faranti ne masu ƙarfi da take fasa dodon koɗi da su. Wannan ban karanta shi a littafi ba. Ran nan da tamu ta gama miƙewa a daro, na zura yatsa in taɓa zaren gefenta, kawu na cewa "bari, bari", bai rufe baki ba ta kama ni. Wata shida ba ta ci komai ba, ni ta fara samu. Da yamma matar kawu ta yi mana miya da ita, ni kuwa na ci tuwona da hannun hagu, ana ta yi mini tsiya.