Ginin Ƙasa da Zafin Bazara a Ƙasar Batsari da Safana

Bahaushe ya bambanta kalmar "gida" da kalmar "ɗaki". Gida shi ne duk abin da katanga ko danga ta kewaye, watau zaure da tsakar gida da madafi da rumbu da turken dabbobi. Ɗaki kuwa wurin kwana ne da ajiya kurum. Wanda ya lura da wannan bambanci ba zai yi mamakin ƙanƙantar ɗakunan da magina suka saba yi a Ruma ko Runka ba, domin yawancin zaman iyali a tsakar gida ake yin sa, ƙarƙashin rumfa ko inuwar bedi. Manufar wannan lacca ita ce bayyana dalilin da ya sa irin wannan ɗan ɗaki na ƙasa ya fi ɗakin bulo da kwano sanyi, da kuma inda rauninsa yake.

Batsari da Safana suna yammacin Jihar Katsina, a gefen Dajin Rugu. Damina a nan ba ta cika wuce wata huɗu ba, a watan Afrilu kuma zafin rana yakan kai digiri 40, amma da dare iska takan huce ƙwarai. A kan wannan tazara ta tsakanin rana da dare hikimar magini ta dogara.

Magini yakan haƙo jar ƙasa, a cuɗa ta da ruwa da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, sa'an nan a mulmula tubali mai tsinin kai, a shanya. Da shi ake ta da bango, mai kauri daga tushe, yana sirancewa zuwa sama. To, ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Zafin da ya bugi bayan kakkauran bango da tsakar rana sai ya yi sa'o'i da dama yana ratsawa kafin ya iso ciki. Kafin nan dare ya yi, mai ɗaki ya fitar da tabarmarsa tsakar gida, kamar yadda aka saba da bazara. Kafin asuba bangon ya huce, da hantsi kuma ɗaki ya zama mafaka. Da hunturu sai al'amarin ya juya: ɗumin da bango ya tara da rana shi ke raka mai barci cikin dare. Haka rufin soro yake, domin ƙasa ce aka shimfiɗa bisa azara. Ƙaramar taga da ake yi can sama, wadda wasu ke ɗauka rowa ce ko jahilci, aikinta ta fitar da iska mai zafi ba tare da ta shigo da rana da ƙura ba.

Kwano ba shi da wannan haƙuri. Da rana ta taɓa shi ya ɗau zafi, nan take ya zubo shi a kan na ciki, bulon siminti kuma bai da kaurin da zai tare komai. Ma'aikacin da ya tara albashinsa ya yi irin wannan gini a garinsu ya sayi daraja a idon jama'a, amma ya ɗora wa kansa bukatar silin da fanka, da wutar lantarkin da ba kullum ake samunta ba.

Kada a zaci kowace ƙasa mai zafi dabararta ɗaya. Alhazan da suka tafi Makka ta ƙasa a zamanin da sun ratsa Suwakin, a gaɓar Bahar Maliya ta Sudan, suka haye zuwa Jidda. Can ma ruwan sama kaɗan ne, amma iska na ɗauke da laimar teku, dare kuma ba ya hucewa sosai. Saboda haka maginansu suka yi dogayen benaye na dutsen murjani, da manyan tagogi na sassaƙaƙƙen katako masu tace haske su bar iskar teku ta wuce. Su iska suke farauta. Maginin Batsari kuwa sanyin dare yake adanawa. Wanda ya kwafo zanen gida daga wata ƙasa bai tambayi yadda darenta yake ba, ya yi aikin baban giwa.

Maƙiyin ginin ƙasa ruwa ne, ba kuwa a ɓoye wannan. Yakan ci gindin bango, ya kuma zauna a kan soro idan indararo ya toshe. Magabata sun yi maganinsa da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, da katsi na marina, da yaɓen da ake sabuntawa kafin faɗuwar damina. Amma yaɓe aikin gayya ne, samari kuwa sun tafi cin rani. Azara ma ta yi tsada, domin giginya tana daɗewa kafin ta isa sara. Da ma ita ce ke ƙayyade faɗin ɗaki, tun da ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar ƙafa shida, sai an yi mata baka ko ginshiƙi. Da irin wannan baka Babban Gwani Mika'ilu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Gyaran wannan rauni bai bukaci a watsar da ƙasa ba. Hassan Fathy na Masar ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna da tubalin laka tun daga shekarun 1940, ko da yake mutanen da aka yi dominsu ba su yi ɗokin komawa ba, abin da ya kamata jami'in gwamnati ya riƙe. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya gama makarantar Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin ƙasa, ya bar sarari iska na ratsawa. Ya sami lambar Pritzker a 2022. Nan kusa kuma, Falke Barmu ya fara masallacin Yama a Jamhuriyar Nijar a 1962, aka ba shi lambar Aga Khan a 1986.

Batun ya fi matsa wa Batsari fiye da wurare da yawa. Hare-haren 'yan bindiga sun ta da ƙauyuka, kamar yadda aka ƙone gidaje a Tsauwa da Dankar a watan Fabrairu na 2020. Duk ranar da za a sake tsugunar da irin waɗannan iyalai, sai wani ma'aikaci ya zauna ya rubuta abin da za a saya. In ya rubuta bulo da kwano kawai, kuɗin ya tafi kamfanin siminti. In ya rubuta harsashi na dutse, wanda ƙasar ke da shi birjik, da bangon tubali mai kauri, da kwano mai baki da ya zarce bango a bisa rufin ƙasa, to akasarin kuɗin zai tsaya hannun magina da 'yan kwaɓa na garin, siminti kuma ya taƙaita ga gindin bango da daɓen ɗaki.