Hutun Kirsimeti a Lome: A Fita da Mai Naƙasa, Amma a Zaɓi Rana

A unguwar Agoè-Zongo, Kirsimeti ba sallar yawancin gidaje ba ce, amma hutun na kowa ne. Makarantu sun rufe, gari ya sha fitilu, yara sun matsa lamba sai an kai su bakin teku ko wurin lilo. Sai a shirya, a juya ga wanda ke kan keken guragu a ce, "Yaya, yi haƙuri ka zauna, za mu kawo maka tsaraba." Hujjar kullum ita ce cunkoso. Cunkoson kuwa gaskiya ne, sai dai yana da ranakunsa da sa'o'insa, kuma ana iya kauce musu.

Wahalar farko hanya ce. Tun da hukuma ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar birni a 1977 ta mayar da jama'arsa arewa, kimanin kilomita 15 daga cikin gari, duk mai son ganin teku sai ya biyo babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, yana gogayya da manyan motocin da ke jigilar kaya tsakanin tashar jiragen ruwa da Burkina Faso da Nijar. Ɗora mai shanyewar ƙafa a kan zemijan, wato babur na haya, an rungumo kekensa a baya, ganganci ne a irin wannan titi. Gara a haɗa kuɗi a ɗauki shatar tasi, ko a kira mota ta manhajar Gozem, a yi magana da direba tun farko kan lokacin komowa.

Ranakun da za a guje wa sanannu ne: daren 24 da yinin 25 ga Disamba, daren 31, sai uwa uba 1 ga Janairu, ranar da bakin teku ba ya da masakar tsinke. Ranar aiki tsakanin bukukuwan biyu, da safe, wurin nan dai shi ne, iskar ita ce, amma fili ya wadata. A isa da hantsi, a tashi kafin la'asar, domin daga nan jama'a ke ɓarkowa, kuma a Disamba ƙarfe 6 duhu ya soma shiga.

Yashin bakin tekun Lome abin lura ne. Ƙananan ƙafafun gaba na keke suna nutsewa cikinsa tun taku na biyu, mai turawa ya yi ta nishi keken bai motsa ba. Dabarar ita ce a juya keken, a ɗan kwantar da shi kan manyan ƙafafunsa, a ja da baya. Sandar gurgu ma lumewa take yi. Mafi sauƙi a samu inuwar kwakwa kusa da titi a shimfiɗa tabarma, teku na gani sarai daga can. Kada kuma wani ya ce bari a matsa da shi ya taɓa ruwa. Gaɓar tana da gangara, igiyar ruwa tana fizgar ƙafa da ƙarfi, masu lafiya ma tana ci.

Mai son shagali na kiɗa da wasan yara yana da wata dama kafin Kirsimeti, wato kasuwar baje kolin Lome da ake ci a filin Togo 2000, kusa da filin jirgin sama, yawanci daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Dararen wasan mawaƙa da ranakun rufewa ne ake turereniya a ƙofa. Kafin a biya kuɗin shiga nan ko wani wurin wasa, wani daga gida ya riga zuwa ya duba: akwai matakala? Ƙofar ban ɗaki za ta ci keke? Ina za a zauna? Wannan ɗan zuwan ya fi duk wani talla da aka ji a rediyo.

Neman a buɗe ƙofar gefe ko a ba mai naƙasa gaba a layi ba bara ba ne. Togo tana da dokar kare masu naƙasa tun 2004, ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2011, ga ƙungiyar FETAPH da ta haɗa ƙungiyoyinsu. A takarda ke nan. A bakin ƙofa kuwa, sau da yawa sai an nemi shugaban masu gadi an yi masa magana cikin lalama.

Ba kowace naƙasa ce ake gani ba. Kurma ba ya jin hon ɗin babur ta bayansa, don haka a sa shi ta ɓangaren da ba titi. Makaho da kunne yake gane hanya, idan amsa-kuwwa da abin fashewar da yara ke jefawa suka cika wuri sai ya rikice. Shi zai riƙe gwiwar hannun ɗan jagora, ba a ja shi ba. Mai farfaɗiya ya sha maganinsa a kan lokaci, ya nisanci fitilu masu walƙiya, kuma in ta tashi a kwantar da shi ta gefe, ba a cusa masa komai a baki. Yaron da ba ya magana a sa masa takarda a aljihu, da sunan unguwa da lambar wayar babba, da Faransanci. Lambar 'yan kwana-kwana 118 ce, ta 'yan sanda 117.