Jan bulon Bangui a ɗakin bincike

Duk mai sha daga rijiya a Bangui, har da mutanen unguwar Kilomita Biyar da famfon kamfanin ruwa na SODECA ba kullum yake isarsu ba, ya san ruwan da ake ɗebowa garau, ya kwana a bokiti ya wayi gari ja. Ƙarfe ne narkakke a cikinsa. Da ya sha iska sai ya koma tsatsa, ya ɓata ɗanɗano, ya rina farar riga.

A Jami'ar Bangui, wadda aka kafa a 1969, akwai ɗakin binciken ruwa mai suna Lavoisier. A nan ne masana irin su Saint Charles Dehou da Oscar Allahdin, tare da takwarorinsu na Jami'ar Lille ta Faransa, suka nemi maganin abin a cikin jan bulon da magina ke gasawa a garin. Ana daka shi, a wanke da asid don ƙofofinsa su buɗe, sannan a lulluɓe ƙwayoyin da wata siririyar tsatsa. In ruwa ya ratsa, ƙarfen da ke cikinsa sai ya maƙale. Tsatsa ce ke kama 'yar'uwarta.

Mataki na biyu ya fi burge ni. In aka dafa garin bulon da soda mai ƙuna, yumɓun cikinsa kan rikiɗe ya zama ziyolait, ma'adini mai ƙananan ramuka wanda ke sakin sodiyam ya riƙe dalma. Wanda ya tuna yaran Zamfara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma a kula, wannan tacewa ba ta maye gurbin tafasa ruwa ko sa masa kulorin.

Ɗalibin da ya zaɓi wannan fanni ƙafarsa ɗaya na gida, ɗaya na waje. Yumɓu na nan, matsalar ma na nan, amma manyan na'urorin leƙa cikin ƙwayar bulo sai an je Turai, ga wutar kamfanin lantarki na ENERCA da ake rabawa unguwa-unguwa. Ta ɓangaren wutar kuwa, tashar hasken rana ta Danzi, mai megawat 25, ta buɗe a 2023 da batura na ajiye wuta. Baturan nan za su tsufa, kuma gane lafiyarsu da abin da za a yi da gawarsu aikin masu ilimin sinadarai ne.