Wa Aka Tambaya Kafin A Ce "Jama'a Sun Zaɓi Wane"?

Duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwar Dawanau ya san mai saye ba ya yarda da abin da ke bakin buhu. Sai ya soka ƙarfe ta tsakiya, ya soka ta gindi, ya murza abin da ya fito a tafin hannu, sannan a shiga ciniki. Ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ma haka take: ana ɗibar mutane kaɗan ne a auna sauran da su. In an iya ɗiba, mutum dubu biyu sun isa su nuna inda ƙasa ta karkata. In kuwa daga bakin buhu aka ɗiba, ko mutum miliyan aka tambaya an yi aikin baban giwa.

Abin da ya sa na kawo zancen shi ne hotunan da ke yawo a WhatsApp da Facebook tun da aka fara kaɗa gangar zaɓen 2027: wane yana da kashi kaza, wane ya sha ƙasa. Yaro ya karanta wa dattawa a majalisa a Ɗambatta ko Bichi, kafin la'asar magana ta isa ƙauyukan Makoɗa da Kunci a matsayin hukuncin da aka riga aka yanke.

Mu tuna zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Gidauniyar ANAP ta sa kamfanin NOI Polls na Abuja ya buga wa mutane waya, sakamakon ya riƙa nuna Peter Obi a gaba. Da aka kaɗa ƙuri'a ranar 25 ga Fabrairu, INEC ta bayyana Bola Tinubu da ƙuri'u sama da miliyan 8.7, Atiku Abubakar na biyu, Obi na uku. Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda binciken ya ba kashi 3 cikin ɗari, ya kwashi ƙuri'u 997,279 a Kano kaɗai. Ban ce masu binciken sun yi ƙarya ba. A rahotonsu na ƙarshe su da kansu sun faɗi cewa fiye da rabin waɗanda aka tambaya ko dai ba su tsai da shawara ba, ko sun ƙi faɗin wanda za su zaɓa. Sojojin baka ne suka datse wannan ɓangaren, suka yaɗa wanda ya yi musu daɗi.

Sannan a dubi yadda gidajenmu suke. Gida mai mutum goma da suka isa zaɓe, sau da yawa waya ɗaya ce ko biyu, tana aljihun maigida ko babban ɗansa. Da damina yana gona tun da sanyin safiya, wayar kuma tana wurin mai caji. Matan gida, waɗanda kowa ya san yadda suke cika layi ranar zaɓe, wa ya ji ta bakinsu? Ko an samu maigidan ma, baƙuwar murya ce daga nesa take tambayarsa jam'iyyarsa, shi kuwa yana da ɗa mai neman aiki, yana kuma jiran rabon taki. Zai ce "sai yadda Allah ya yi" ya kashe waya. Shi ya sa masu bincike irin su Afrobarometer suke tura ma'aikata gida-gida, su tambayi maza da mata daidai wa daida, cikin harshen da mutum yake ji. Aikin yana cin kuɗi da lokaci, ba kowa ke iyawa ba.

Ita kuwa ƙuri'ar da ake latsawa a shafin Facebook, ba ma a sa ta a lissafi. Mabiya mai shafin ne ke amsawa, mutum ɗaya kuma yana iya riƙe asusu biyar.

Haɗarin yana nan: wanda ya gamsu gwaninsa ya riga ya ci, ko ya riga ya faɗi, sai ya zauna a gida ranar zaɓe. A 2023 waɗanda suka fita zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari na mutum miliyan 93 da suka yi rajista ba.

Akwai kuma waɗanda ke fakewa da guzuma su harbi karsana. Za a kira ka ko a zo har ƙofar gida da takarda, a ce ana jin ra'ayi ne domin rabon tallafi, sai a nemi lambar katin zaɓenka, da NIN, da BVN, wani lokaci har da lambar da banki ya turo maka yanzun nan. Mai bincike na gaskiya zai faɗi sunan kamfaninsa da abin da yake nema, zai tambayi shekarunka da sana'arka, amma ba ruwansa da waɗannan lambobi, ba kuma ya yi maka alƙawarin komai. Tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, kana da ikon ƙin bayarwa. Wanda ya ce ka kawo katin zaɓe ya ajiye maka, ka sani na'urar BVAS yatsanka ko fuskarka take dubawa, katin ba zai yi masa zaɓe ba. Abin da yake so shi ne ranar ta zo ba ka da shi.

In an sake miƙo maka waya a majalisa da alƙaluman wane ya yi gaba, ka ce wa yaron ya duba ƙasan hoton: wane kamfani ne ya yi, wa ya biya kuɗin aikin, mutum nawa aka tambaya, a wane wata, ta waya ko ido da ido. Mafi yawan waɗanda ake turowa ko suna babu a jikinsu.