Maganar Ajiye Bindiga Don Tsaron Gida

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa na so mu yi maganar tsutsar tumatir ne, amma wata tambaya ta sha gabanta. Da rani na je zagayen lambunan da ke wajen Ƙofar Sauri a birnin Katsina, inda a ke noman latas da kabeji da alayyafo da albasa. Na tarar da wani dattijo, ɗan ƙungiyarmu, zaune a bakin fangalinsa ya yi tagumi. Ashe a daren an sace masa injin ban-ruwa, wanda ko bashinsa bai gama biya ba. Kafin wannan kuma an kwance masa tumaki 2 a gida.

Bayan na yi masa jaje, sai ya ce, "Malam, ku da kuka yi karatu, ina da tambaya. Bindigar nan mai baki biyu, in mutum ya saya don gida, yaya a ke shirya ta?" Na ce, "Baba, wannan ba amsar tsaye ba ce. Ka bari in amsa maka a rubuce, don na san ba kai kaɗai ke da ita a zuci ba."

Ba kuwa abin mamaki ba ne. Duk wanda ke da dangi a Jibiya, ko Batsari, ko Safana, ko Ɗanmusa, ko Faskari, ya san abin da 'yan bindigar dajin Rugu suka yi wa noma da kiwo. A watan Disamba na 2020 aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. Tun daga nan maganar ta shiga kowane zaure. To, ga amsata.

DA FARKO, ME DOKA TA CE?

Jawabin gwamna dabam, doka dabam. Dokar Bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa bindigogi kashi 3.

Kashi na farko su ne haramtattu, watau bindigogin soja, da ƙananan bindigogi na aljihu, da makamantansu. Waɗannan sai da iznin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne bindigogin farauta, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗanda a ke karyawa a sa harsashi da hannu. Lasin ɗinsu yana hannun Sufeto-Janar na 'yan sanda. A lura, bindigar farauta wadda ke da na'urar ɗura harsashi da kanta, doka ba ta sa ta cikin wannan kashi ba. Kashi na uku su ne bindigogin gargajiya da a ke ɗura wa albarushi ta baki, irin na maharbanmu. Maganarsu tana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Ba kowa a ke ba lasin ba. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin ta'adi a kan mutane cikin shekara 5 da suka wuce. Har wa yau, a 2023 Sufeto-Janar ya ba da sanarwar cewa an dakatar da ba da sabon lasin. Saboda haka kafin ka ba kowa kuɗinka, tafi ofishin 'yan sanda ka ji inda maganar ta tsaya. Wanda aka kama da bindiga ba lasin, hukuncinsa ɗauri ne, ba a kuwa sauraron cewa tumaki aka sace masa.

Lasin na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya. Ba a ara, ba a gāda. In mai gida ya rasu, a kai maganar bindigarsa wurin 'yan sanda, kada a raba ta tare da garma da keke. In ta ɓace ko an sace, tilas ne mai ita ya kai rahoto cikin kwana 14.

ABIN DA ZA TA IYA, DA WANDA BA ZA TA IYA BA

Bindigar farauta ba harsashi guda ta ke fitarwa ba. Ƙwayoyin darma ne da yawa, suna fita a dunƙule, sa'an nan su bazu yayin da su ke nisa. Ƙarfinta na gaske bai wuce yadi 40 ba. An ƙera ta ne don zabo da fakara da zomo. Mai baki biyu kuwa, in ka harba sau 2, sai ka tsaya ka sake ɗuri.

Yanzu sai mu duba abin da 'yan fashin daji ke riƙewa. Bindigar AK-47 tana ɗaukar harsashi 30 a ɗuri guda, tana kuma kashewa daga yadi 300. Ba kuma mutum ɗaya ke zuwa ba. Wanda ya ce maka da mai baki biyu kai kaɗai za ka tare su a ƙofar gida, ba masoyinka ba ne. Wani lokaci ma jin cewa akwai bindiga a gida shi ke jawo su, domin ita ma kayan sata ce.

Ɓarawon akuya ko na inji fa? A nan ma akwai iyaka. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda a ke kira Final Kot, ta yarda mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa. Amma ba ta yarda ya yi ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke bukata ba. In yaro ya tsinki kabeji ya sheƙa da gudu, ka harbe shi a baya, alkali ba zai kira wannan kare kai ba. Injin ban-ruwa a kan sayi wani. Rai kuwa ba a kasuwa ya ke ba.

IN KANA DA ITA BISA DOKA, GA YADDA ZA KA AJIYE TA

Akwai waɗanda ke da lasin tun da, akwai kuma maharba a cikinmu. Su na ke yi wa wannan magana. Shirin bindiga a gida, kashi tara cikin goma ajiya ce.

1. Kada a ajiye ta da harsashi a ciki. Amma kullum ka ɗauke ta kamar a ɗure ta ke. Duk lokacin da ka taɓa ta, fara karya ta ka duba da idonka.

2. A sa ta cikin akwatin ƙarfe ko na katako mai ƙarfi, a kulle da kwaɗo. Harsashi kuma a wani wuri dabam, shi ma a kulle. Makulli ya zauna a jikinka. Ƙarƙashin katifa da bayan ƙofa da saman rumbu ba maɓoya ba ne. Babu lungun da yaro bai sani ba a gidan ubansa.

3. Kada bakinta ya dubi mutum, ko da wasa, ko da ka tabbata ba kome a ciki. Yatsa kuma kada ya hau kunama sai an ƙudura harbi.

4. Kafin a sa harsashi, a leƙa cikin bututun a ga haske ya fita. Zanzaro yana son ramin bindiga ƙwarai, ya kan shiga ya yi gininsa na laka. Laka ko tsumma a cikin bututu yana iya fasa shi a hannunka.

5. A yi amfani da harsashin da ya dace da ita kaɗai. Yawancin na wurinmu lamba 12 ne. In aka yi kuskure aka jefa lamba 20, sai ya zurma ciki ya maƙale ba a gani. Aka ɗora lamba 12 a bayansa aka harba, bututu ya tarwatse.

6. Da damina a goge ta da mai saboda tsatsa, a kuma tsare harsashi daga laima da zafin murhu. In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka juyo ta ka leƙa. Ka bar bakinta yana duban inda ba kowa, ka dakata kamar minti guda, sa'an nan ka karya ta.

7. Ka guji bindigar da aka ƙera da famfon ruwa. Ƙarfen famfo ba a yi shi don ya jure wutar harsashi ba. Da yawa sun rasa yatsu da idanu ta haka.

8. Ranar da ka yi fushi, ko aka yi rigimar iyakar gona, ko ka ga wani a gidan hankalinsa ya tashi har yana maganar mutuwa, wannan rana ce ta ƙara kwaɗo, ba ta buɗewa ba.

KADA KA HARBI MOTSI

Wannan na ware shi dabam don ya fi sauran nauyi. A wani ƙauye da na taɓa aiki, wani magidanci ya ji motsi a bayan danga da tsakar dare. Kwana 3 kafin nan an yi sata a maƙwabta, kowa a tsorace ya ke. Bai yi magana ba, bai haska ba, ya ɗirka wa dangar wuta. Ashe ƙanensa ne ya dawo daga ban-ruwan dare, ya bi ta baya don kada ya ta da mutane. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau da sanda ya ke tafiya. Wan kuwa bai sake ɗaga kai a gaban uwarsu ba.

Zana da danga da ƙofar kwano ba su tare darma. Abin da ka harba a tsakar gida yana iya samun mai barci a ɗakin maƙwabci. Don haka a yi wa gida ƙa'ida: duk mai dawowa da dare ya yi sallama da ƙarfi, ya faɗi sunansa. Mai gida kuma ya riƙe tocila mai haske. Abin da ba ka gani sarai ba, ba ka san ko wane ne ba. Da-na-sani ƙeya ce.

DARASIN ƘOFAR SAURI

Da na bar wurin dattijon nan, na tsaya a bakin ƙofar na yi tunani. Kakannin Katsinawa sun zauna cikin zamanin yaƙi da hari, amma ba su ce kowa ya tsare ɗakinsa ba. Sun taru suka kewaye garin da ganuwa, suka yi mata ƙofofi: Sauri, Durɓi, Marusa, Ƙaura, Ƙwaya, 'Yanɗaka, Guga. Kowace ƙofa da mai tsaronta, da dare kuma a rufe. In damina ta zubar da wani gefe, a yi gayya a gyara. Watau tsaro aikin gari ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ma muna da tamu ganuwar da za mu iya ginawa ba tare da lasin ba:

A toshe ɓarakar katanga, a ƙarfafa ƙofar zaure da sakata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A sa fitila mai aiki da hasken rana a bakin turke da rumbu. Kare mai haushi ya fi bindigar da ke cikin akwati saurin jin baƙo.

Kada a bar inji ya kwana a lambu. Ƙungiya ta kama ɗaki guda mai ƙofar ƙarfe, a riƙa tara injuna da yamma. A rubuta lambar kowane inji a littafin ƙungiya, a kuma yi masa shaida da fenti, yadda in an gan shi a kasuwa za a gane.

Masu lambu su raba kwanan gadi, mutum 3 ko 4 a dare, da tocila da usur. A yi shi tare da dukan maƙwabta, Kirista da Musulmi, domin ɓarawo ba ya tambayar addinin mai akuya. A sanar da mai unguwa da 'yan sanda sunayen masu gadin.

Kowa ya ajiye lambar wayar ofishin 'yan sanda mafi kusa, da lambar gaggawa 112. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, a san wakilanta na yankinku. In an kama ɓarawo, a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Dukan taron dangi ya sha hallaka marar laifi, ramuwar gayya kuwa ita ta cinye ƙauyuka da dama a jihar nan.

Ku da ke kusa da daji, ku shirya tun da rana: ta ina mata da yara za su fita, a ina za a haɗu, wa zai ɗauki tsoho. Wannan shiri ya ceci rayuka fiye da yadda a ke zato.

Na koma wurin Baba bayan mako 2, na karanta masa abin da na rubuta. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, jikokina 6 a gidan nan, ba inda ba su sa hannu." Kuɗin da ya tara don bindiga, ya sayi ƙofar ƙarfe da fitila, sauran ya rage bashin inji. Maƙwabtansa na lambu kuma sun fara kwanan gadi.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taronsu na gaba, su tattauna. Maganar tsutsar tumatir sai fitowa ta gaba. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.