'Yan Mazan Jiya a Arewacin Zamfara: Shin Tsufa Yana Rage Damuwar Yaƙi?

Binciken da aka yi kan tsoffin sojojin Amurka ya sha nuna cewa matasan da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan sun fi dattawan yaƙin Biyetnam kokawa da ciwon damuwa da fargaba. Alƙaluman ma'aikatar tsoffin sojoji ta ƙasar ma sun nuna cewa kashe kai ya fi tsanani a tsakanin 'yan shekara 18 zuwa 34, idan aka auna da yawansu. Daga nan wasu ke yanke cewa shekaru su ne magani. Halin da ake ciki a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ya sa ba na yarda da wannan. Abin da ke kwantar wa tsohon soja hankali shi ne yaƙi ya ƙare, gida ya zauna lafiya, abin sawa a baki ya samu, kuma a wannan yanki ko ɗaya bai tabbata ba.

A dubi dattawan tukuna. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 rundunar Najeriya ta tashi daga kimanin mutum 10,000 zuwa kusan 250,000, da yawansu samarin karkarar Arewa ne. Waɗanda ke raye yau sun doshi shekara 80, a bayansu kuma akwai waɗanda suka je Laberiya daga 1990 a rundunar ECOMOG. Abin da ya riƙe su bayan sun ajiye kaki shi ne gona da kasuwa da majalisar ƙofar gida. Yanzu gonaki da dama ba sa nomuwa sai an biya 'yan bindiga haraji, hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi sai da addu'a, a Afrilun 2024 kuma har fadar Sarkin Zurmi aka kai wa hari. Likitoci sun san cewa tsohon firgicin yaƙi kan farfaɗo idan ƙarfi ya ƙare, aiki ya tsaya, abokan tafiya suka rasu, balle a ce ƙarar bindiga ta riski mutum a ɗakinsa. Sai dai dattijo ba zai ce damuwa ke damunsa ba. Zai ce rashin barci ne, ko hawan jini, ko ciwon jiki. Kuma duk ƙidayar da aka yi wa tsofaffi, waɗanda suka kai tsufan kawai ta samu, domin waɗanda abin ya fi karyawa sun riga mu gidan gaskiya.

Matashin kuwa ya yi shekaru a dajin Borno, inda ake fafatawa tun 2009, wataƙila aka sake turo shi cikin rundunar Hadarin Daji. Idan rauni ko kora ko gajiya ta fitar da shi da wuri, sau da yawa babu fanshon kirki, ga ƙananan yara. Ya koma garin da idan an ji harbi shi ake kallo. A asibiti ana kiran fargaba cuta ne idan hatsarin ya wuce amma jiki bai daina ɗari-ɗari ba. Shi nasa hatsarin yana bayan gari, to ta ina jikin zai saki? Nan ne tiramadol ke samun ƙofa.

Za a ce Musulmi yana da tawakkali, yana da dangi. Haka ne, kuma su ne suka ɗauki nauyin tun 1970, amma dangin ne ke gudun hijira a yau, neman magani kuma bai taɓa saɓa wa tawakkali ba. Za a kuma ce kowa a Zurmi a firgice yake, me ya sa za a ware soja? Saboda ƙasa ce ta aike shi, haƙƙinsa yana wuyanta, kuma mutumin da ya ƙware da bindiga, ya rasa barci da abin yi, ba a barin sa shi kaɗai a yankin da makamai suka yi yawa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma har yanzu asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya suna nesa, irin su na Kware ta Sakkwato da Barnawa ta Kaduna, a kan hanyoyin da ake tsoro, ga kuma kunyar a ce mutum ya taɓu. Hukumar fanshon soja ta sha tara tsofaffi lokacin tantancewa. A irin wannan taro ya kamata likita ya zauna yana tambayar barci da cin abinci. Matasan da ba sa cikin jerin fansho kuwa, sai an bi su ta ƙungiyar 'yan mazan jiya da manyan asibitocin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi.