Mutanen Zango, ku taɓa wayar ɗakinku yau

'Yan'uwa mazauna Zango a Wagadugu, ku ba ni aron kunnuwanku. Maganar gobara ce, kuma ba ta jiran gobe.

Kun lura da abin da ya cika ɗakunanmu? Butar lantarki. Rishon lantarki. Tukunyar dafa shinkafa. Hitar da ake tsomawa a bokiti. Duk lokacin da gas ya yi wuya, aka yini a layi da tukunyar kilo 6 ba a samu ba, sai a koma kan waɗannan. Ban ga laifin kowa ba. Gawayi ya yi tsada, yara kuma ba su san babu ba. Amma wa ya tambayi wayar gidansa ko za ta iya ɗauka? Wa ya duba mitarsa?

Ga lissafin, ba shi da wuya. Wutar kamfanin lantarki na SONABEL tana zuwa da bolt 220. Mai mitar amfiya 3, ƙarfin da aka ba shi wat 660 ne. Mai amfiya 5, wat 1,100. Mai amfiya 10, wat 2,200. Yanzu ka ɗaga butarka ka juya gindinta. Karanta abin da aka rubuta. Yawancinsu daga wat 1,500 zuwa 2,200 suke ci. Risho mai kai ɗaya yakan ci 1,000 zuwa 1,500. Ka gani? Buta guda ta fi ƙarfin mitar amfiya 5, tun ba a kunna firij ba, tun fanka ba ta juya ba.

Shi ya sa wuta ke faɗuwa da zarar an jona buta. Wannan faɗuwar rahama ce. Makashin da ke jikin mita yana ce maka kaya sun yi nauyi. Me muke yi? Mu ɗaga shi, ya faɗi, mu sake ɗagawa. Wani ma ya kira yaro mai ɗan sanin waya ya ce a yi masa dabara kada ya ƙara faɗuwa. Kada ka yi haka! Wallahi kada ka yi. Ka cire mai gadi ne ka bar ƙofa a buɗe. Wutar da makashi bai katse ba, waya ce za ta sha ta, kuma waya ba ta kuka. Zafi take yi a ɓoye, cikin bango, bayan labule, har robar jikinta ta narke.

Na gani da idona a gidan da nake haya. Da asubahin wata ranar hunturu na ji warin roba. Na bi warin har ƙofar wata dattijuwa maƙwabciyarmu. Na yi sallama, na ce, "Inna, me kika ɗora?" Ta ce, "Ruwan alwala ne kawai, ɗana, sanyi ya yi yawa." Na ɗaga tabarma. Wayar ƙari ce, irin mai bakuna huɗu da ake sayarwa a bakin titi, ta bi ta ƙarƙashin tabarmar. Robar ta yi laushi kamar alewa. Bakin da aka jona hita ya yi baƙi ƙirin, ya lotsa. Jikokinta biyu suna barci a katifar soso, taku ɗaya daga wurin. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Ku duba naku. Soket ya canza launi? Yana ƙara kamar ana suya? Fitila tana dushewa in an kunna risho? Kan waya yana ƙona hannu in an zare? Kuna jin warin roba ba ku san daga ina ba? Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, gobara ta riga ta yi masa sallama.

Masu sola, naku ya fi ba ni tsoro. A unguwannin da ba a raba filaye ba, inda turakun SONABEL ba su kai ba, faranti ɗaya ne a kan kwano, batir ɗaya a kusurwar ɗaki, da ƙaramar inbata. Wannan kayan fitila ne da cajin waya da talabijin. Ba kayan girki ba ne. Batirin bolt 12 in za a ciyar da butar wat 1,500 da shi, sai an ja fiye da amfiya 125 ta cikin wayoyin da ke bakinsa. Fiye da 125! Ka dubi siririyar wayar da aka murɗa da hannu a kan batirinka. Za ta iya? Masu zama a ƙananan jiragen ruwa, waɗanda su ma kan batir suke rayuwa, sai sun ƙirga cin kowace na'ura kafin su jona ta, wayoyinsu kuma kauri gare su kamar yatsa, da fiyus a bakin batir. Mu fa? Ko fiyus babu.

Sannan batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji. Ɗaki a rufe, taga a toshe saboda ƙura, tartsatsi ɗaya ya isa. Fitar da shi daga inda ake kwana. Ba shi wurin da iska ke ratsawa.

Garin nan ya san gobara. Ranar 27 ga Mayu 2003 babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone, sai 2009 aka sake buɗe ta. Shekara shida 'yan kasuwa suna gararamba. Wannan fa a tsakiyar birni ne, inda mota ke shiga. Lungunmu fa? Motar 'yan kwana-kwana za ta iya ratsa shi? Ɗaki jikin ɗaki, rufin kwano ɗaya, tukunyar gas a kowace ƙofa. In ta tashi a ɗakinka, ta maƙwabcinka ce ma.

To, ku yi wannan, yau. Na'ura mai zafi ɗaya tak a lokaci guda. A jona ta kai tsaye a soket na bango, ban da wayar ƙari. Kada waya ta bi ƙarƙashin tabarma ko katifa. Kada a ɗora girki a tafi kasuwa. In an ɗauke wuta, a zare komai nan take, domin da yawa mantawa ake yi risho yana kunne, wuta ta dawo tsakar dare ba kowa a kai. Iyaye mata, hitar bokiti tana kisa. Kada yaro ya sa hannu ya ji ko ruwa ya yi zafi. A zare tukuna.

Masu gidan haya, ku ma da ku nake. Ɗaki takwas a kan mita ɗaya, wayar tun ta ginin farko? Ku kira ma'aikacin lantarki na gaske ya duba. Ku nemi a ƙara ƙarfin mita ta hanyar da ta dace.

In kuma gobara ta riga ta kama, kada a watsa ruwa wuta tana jone. A kashe daga mita. A fitar da yara. A zuba yashi. A kira 'yan kwana-kwana a lamba 18, kada a jira sai an gwada an kasa.

Ajiye takardar nan. Tashi ka je ka taɓa wayar. In da zafi, zare ta yanzu.